Manhajar Awon Ƙashin Fuska da Haɓar Asma'u

Duk shekara idan aka turo mana sabbin likitoci su koyi gyaran jerin haƙora a asibitinmu na Funtuwa, sai an sami wanda zai tsaya a bayana, ya ga na danna maɓalli layuka sun bazu a kan hoton ƙashin yaro, ya ce, "Ashe dai aikin ba wuya, Baba. Kwamfuta ce ke yi." Ba na musu da su. Nakan miƙa wa mai maganar fensir da takarda, in rufe manhajar, in ce ya nemo mini tsakiyar kan yaron da hannunsa. Har yau ban ga wanda ya samo ta kafin shayinsa ya huce ba. Saboda irinsu nake rubuta wannan, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Hoton farko da aka ba ni in auna a Zariya ne, a hannun malamina Dakta Yohanna, wani dogon mutum ɗan wajen Malumfashi, wanda magana ke yi wa wuya sai ta zama dole. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai akwatin katako mai gilashi a sama da fitila a ciki, a kansa ake ɗora hoton. Akwai takarda shara-shara da ake mannawa a kan hoton da salatif, da fensir mai tauri da ake fiƙewa har ya yi tsinin allura, da rula, da ma'aunin kusurwa irin na 'yan makaranta, da abin goge rubutu. Hoton kuwa na kan mutum ne daga gefe, wanda aka ɗauka an sa masa 'yan sanduna biyu a kunnuwa don kada kan ya karkace. Dakta Yohanna ya ja labule, ya kunna fitilar akwatin, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Abin da na gani ya sa na manta da fensirin da ke hannuna. Ga ƙoƙon kai, ga ƙasusuwan wuya a jere, ga haƙoran da suka fito, ga kuma waɗanda ba su fito ba kwance cikin ƙashi suna jiran lokacinsu, kowanne ya fuskanci hanyar da zai bi. A gaban ƙashin ga inuwar hanci da leɓe da haɓa, siririya, har kana iya gane cewa yaron mai 'yan kumatu ne. Na karanta duk wannan a littafi, na ci jarrabawa a kansa, amma ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Na yi ta tasbihi a zuciyata.

"Ka gama kallo?" in ji Dakta Yohanna. "To nemo mini sirdi."

Sirdi wani ɗan gurbi ne a gindin ƙoƙon kai, can tsakiya, mai siffar sirdin doki. Fuskar yaro tana ta canzawa yayin da yake girma, amma wannan wurin da wuri yake tsayawa, shi ya sa daga nan muke fara awo. Za ka sa ɗigo a tsakiyarsa, ka sa wani inda karan hanci ya haɗu da goshi, wani a lotsawar muƙamuƙin sama ƙarƙashin hanci, wani a lotsawar na ƙasa, wani a kan haɓa, haka har ɗigon su yi yawa. Sai ka haɗa su da layuka, ka auna kusurwoyin da suka bayar. Na yi nawa, na miƙa ina jin daɗin kaina. Ya duba, ya ɗauki abin gogewa ya share ɗigon sirdin. Na sake, ya sake sharewa. Da na nuna alamar gajiya ya ce, "Ɗigonka ya kauce da kaurin gashi. In ya kauce kusurwa ta kauce, in kusurwa ta kauce ka cire wa ɗan wani haƙori. Fensir ana goge shi. Haƙorin da ka cire fa, da me za ka mayar?" Na yi watanni a gaban akwatin nan kafin ya daina taɓa takardata.

Ga dalilin duk wannan wahala, ga wanda bai sani ba. Yara biyu za su shigo, kowanne haƙoransa na sama sun yi waje, a ido ciwonsu ɗaya. Na farko haƙoran ne kawai suka karkata, ƙashinsa lafiya lau. Na biyu haƙoransa suna inda ya kamata, muƙamuƙinsa na ƙasa ne ya tsaya a baya bai biyo ba. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma ido kaɗai ba ya raba su. Awon ne ke raba su.

Da na dawo gida na buɗe wurina a Funtuwa, ba mu da na'urar ɗaukar irin wannan hoto, sai dai mu tura mutane Zariya su ɗauko su kawo. Na ga abubuwa a lokacin. Wani ya naɗe hoton kamar tabarma ya cusa a aljihun babbar riga, wani ya yi fifita da shi a mota tun daga can har nan, wata ta ajiye shi kusa da murhu ya lanƙwashe. Haka zan daddanne shi da littattafai ya miƙe, in hau aunawa. Mutanenmu kuma lokacinsu ɗaya ne, bayan kaka, in an kwashe masara da waken suya, sai benci ya cika da 'yan Bakori da Ɗanja da ƙauyukan Malumfashi. Da damina kuwa sai dai in zauna ina fiƙe fensir. Iyaye mata suna da gargaɗi ɗaya da ba ya canzawa, in yarinya tana da wushirya: "Likita, ka gyara komai, amma kada ka rufe mata wannan."

Shekaru suka tura, muka sami halin kawo tamu na'urar, irin ta zamani wadda ba ta fitar da hoto a hannu, a kwamfuta take zuba shi. Akwatin haskena ya zama wurin ajiye butar shayi. Dole muka shiga neman manhajar da za ta yi mana awon a kan allon kwamfuta. A lokacin ina tare da Dakta Firdausi, wata matashiyar likita 'yar Bakori, mai kaifin ido da saurin hannu, wadda ke kallon fensirina kamar wani kayan tarihi. Ita na ɗora wa neman. Ta tattaro da yawa, muka zubar da wasu tun daga bakin ƙofa, har da wata da ba ta karɓar hoto sai na na'urar kamfaninsu. Aka bar mu da guda biyu, kowacce an ba mu ita gwaji na ɗan lokaci.

Ana cikin haka aka kawo Asma'u daga wani ƙauye a gefen Maska, a kan babur, tsakanin mahaifinta Malam Isuhu da kakarta Hajiya Yelwa. Shekarunta goma sha biyu. Ta shigo ta toshe baki da gefen hijabi, kuma da ta sauke hannu na ga leɓunanta ba sa haɗuwa sai ta matse su da ƙarfi har haɓarta ta tattare. Haƙoran sama sun yi gaba sosai, ɗaya ma ya ɓalle a gefe saboda wata faɗuwa da ta yi. Malam Isuhu ya ce an ba su shawara a wani wuri a cire mata haƙora huɗu a tura na gaban baya, shi kuma zuciyarsa ta ƙi yarda a cire abin da bai ruɓe ba. Muka ɗauki hoton, na ce su dawo ranar kasuwa mai zuwa. Da suka fita na ce wa Firdausi ga jarrabawar manhajojinmu ta zo da ƙafarta.

Ta farko a intanet take zaune, can a ƙasar masu ita, kai dai ka tura hoto ta dawo maka da amsa. Firdausi ta tura. Kafin in gama gyara zaman tabarauna, ɗigon duk sun zauna, layuka sun ja kansu, lambobi sun jeru a gefe. Na matso na duba sirdi, yana daidai inda da ni ne zan sa shi. Na duba na goshi, na duba na haɓa, babu abin gyarawa. Gaskiya abin ya girgiza ni. Aikin da na yi watanni ana share mini shi, ga wani abu da ba shi da ido ya yi shi cikin ƙiftawa. Na tuna Dakta Yohanna, wanda ya rasu bai ga wannan ba, na so a ce yana tsaye a wurin da hannunsa a harɗe. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam basirar koya wa ƙarfe gani.

"Baba, mu ɗauki wannan kawai," in ji Firdausi. "Me kuma za mu nema?"

Saura kaɗan in ce to. Abin da ya tsayar da ni shi ne lambobin. Manhajar tana rubuta duk awon da ya fita daga daidai da jan launi, kuma na Asma'u kusan duk ja ne. Haƙoran sama ja, na ƙasa ja, leɓen sama ja, na ƙasa ja. Likitan da ke sauri in ya ga wannan, abu ɗaya zai karanta: baki ya yi gaba, a cire haƙora a ja shi baya.

Na ce, "Dakta, da ta ce ya fita daga daidai, daidai ɗin wa take nufi? Da fuskar wa take gwada ta?"

Ta bincika ta gano cewa da awon yaran Turai da Amurka take gwadawa. Mu kuwa halittarmu daban ce, leɓunanmu da haƙoranmu na gaba sun fi nasu fitowa, kuma ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi mu. Don in tabbatar, na sa ta tura hotunan wasu yara da muka gama wa aiki, yaran da in ka gan su a hanya ba za ka ga abin gyarawa a fuskarsu ba. Su ma suka dawo jajur. Na ce da za mu bi wannan, da mun cire wa rabin Funtuwa haƙora, har da ni da ita. Muka rubuta wa kamfanin muna tambaya ko za mu iya sa awon mutanenmu, suka amsa da ladabi cewa suna kan aikin. Ga kuma wata matsala, ranar an tashi da hadari, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, duk ɗigon da ka taɓa sai ka zauna jiran ya je ƙasarsu ya dawo.

Ta biyun ba ta da kyan gani ko kaɗan, fuskarta kamar tsohon ofishin ƙaramar hukuma. A cikin kwamfutarmu take zama, ba ruwanta da sabis. Ita ma tana sa ɗigon da kanta, amma ba ta wucewa sai ka duba kowanne ka ce ka yarda, kuma a na ƙarƙashin hanci ta ɗan kauce, na ja shi na mayar. Firdausi ta ce wannan ai ta cika tambaya kamar tsohuwa. Amma tana da wurin da za ka shigar da naka ma'aunin. Firdausi ta nemo awon da likitocin ƙasar nan suka yi a kan yaranmu, ta zauna ta shigar da shi ɗaya bayan ɗaya tana tsaki. Da ta gama ta sake buɗe hoton Asma'u, sai jan nan ya yi ta ɓacewa, ya bar mu da abin da ya shafi muƙamuƙin ƙasa. Haɓar ce ta tsaya a baya. Da an cire haƙoran nan huɗu, da an rage sashe mai lafiya ne don ya yi daidai da wanda ya gaza, leɓen sama ya lotsa, haɓar kuma tana nan inda take.

Firdausi ce ta ga abu na gaba, idona bai kai nata ba. Ta ƙara girman hoton wajen wuya, abin da akwatin haskena bai taɓa iyawa ba, ta ce, "Baba, ku dubi ƙashi na uku da na huɗu." Ƙasusuwan wuyan yaro ƙasansu a shafe yake, in ya fara zabura da girma sai ƙasan ya fara lotsawa. Na Asma'u sun fara. Wannan na nufin ta shiga lokacin da ƙashinta zai yi tsiro mafi ƙarfi a rayuwarta, kuma lokacin ba ya daɗewa, musamman ga 'ya mace. In aka sa mata robar da za ta riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba a wannan tsakanin, akwai kyakkyawan zaton ƙashin zai bi. In ya wuce, sai dai tiyata a babban asibiti bayan ta girma, ko ta zauna haka. Har yau ina mamakin wannan, a ce wuyan yaro yana ɗauke da labarin sauran girman da ya rage masa.

Ranar da suka dawo na zaunar da su, na juyo musu da allon kwamfutar ina murna zan yi bayani. Hajiya Yelwa ta dubi hoton, ta miƙe tsaye, ta cire mayafin da ke kafaɗarta ta lulluɓe allon da shi.

"Mi ne ne wannan kuke nuna mana?" ta ce. "Ɗiya da ranta da lafiyarta, ku fito mani da ƙwarangwal ɗinta kamar an tono ta? Isuhu, tashi mu tafi."

Mu da muke kallon irin wannan hoto kullum ba ma tuna cewa a ƙauye ba a ganin ƙoƙon kan mutum sai in ruwa ya ci maƙabarta. Malam Isuhu ba zai musa wa mahaifiyarsa a gaban mutane ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, a bar shi sai bayan kaka, in hankalinta ya kwanta sai mu dawo." A lokacin ko shuka ba a gama ba.

Firdausi ta zagayo ta durƙusa a gaban tsohuwar. Ta ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, mu muka yi kuskure. Ku ɗan zauna, ba za ku sake ganin wancan ba." Ta tsayar da Asma'u a jikin bango ta ɗauke ta hoto daga gefe da wayarta, ta juya allon wajenta ta yi 'yan danne-danne. Manhajar tana iya ɗora hoton fuska a kan na ƙashi, ta dusashe ƙashin har ya koma 'yan layuka. Sannan ta miƙa wa Hajiya mayafinta da hannu biyu, ta juyo allon. Asma'u ce a ciki da hijabinta, bakinta a buɗe kamar kullum. Firdausi ta kama haɓar da ke hoton ta ja ta gaba a hankali, leɓunan suka matso har suka haɗu.

Hajiya Yelwa ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Wannan ai Gambo ce, ƙanwata, tana budurwa."

Na yi maza na ce wannan kintace ne ba alkawari ba, aikin na Allah ne da na yarinyar, don ita za ta sa robar dare da rana. Sannan na juya ga Malam Isuhu na ce, "Malam, in masara ta kai gwiwa tana neman taki, mutum ya ce a bari sai ta yi goyo, me ya yi?"

Ya ce, "Ya yi asarar takin, ya yi asarar masarar." Ya dubi mahaifiyarsa, ita kuma ta gyara mayafi ta ce a yi abin da za a yi, amma kada a sake nuna mata wancan hoton.

A wannan makon muka ɗauki manhaja ta biyu. Ga masu tambayata yadda ake zaɓa, ba ni da wani dogon ilimi da ya wuce abin da ya faru a ɗakin nan. Kada saurinta ya ruɗe ka, dukkansu yanzu suna da sauri. Ka tambaye ta da fuskar wa take gwada yaronka, kuma ko za ta bari ka canza. Ka gani ko tana barin ka ja ɗigo ka mayar, don ranar da ta kauce sunanka ne a kan aikin, ba nata ba, kuma wanda bai taɓa neman sirdi da hannunsa ba ba zai ma gane ta kauce ba. Ka ba ta hoto ɗaya yau, ka sake ba ta jibi, ka ga ko bakinta ɗaya ne. Ka tabbatar in kun rabu za ta ba ka hotunan marasa lafiyarka ka tafi da su. Maganar sabis kuwa, ba don na hango wani abu na dage a kanta ba, haushin hadarin ranar nan ne kawai.

Robar Asma'u gida biyu ce, ta sama da ta ƙasa, kowacce da ɗan tudu mai gangare, in ta rufe baki sai tudun ya tura muƙamuƙin ƙasa gaba. Da farko miyau ya yi ta zubo mata, maganarta ta koma ta mai ɗumame a baki, ta yi kuka ta ce ba ta so. Hajiya Yelwa ta ɗauki aikin gadi a kanta. Suka zo dubawa sau ɗaya, suka sake zuwa, komai yana tafiya daidai.

Sai shekarar ta juya mana baya. 'Yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, aka rufe kasuwannin mako, hawa babur ya zama abin tsoro, aka kuma katse layukan waya a duk yankinmu. Bencinmu ya koma wayam. Yaran da muka ɗaura wa wayar ƙarfe a haƙora suka maƙale a garuruwansu, ba mai ɗaure musu, ba mai yanke musu in ta soki kumatu. Wani uba ya iso bayan wata da watanni, ya ce da abin yanke farce ya datse wa ɗansa wayar, na ce ya kyauta. Wani abokin aikina na Malumfashi, wanda ya ɗauki irin manhajar farko, ya wayi gari ba ya iya buɗe ko hoto ɗaya, sai dai ya zubo hotunansa a filashi ya biyo mota ya zo ya auna a wurinmu. Asma'u kuwa shiru. Ba waya balle in kira. Daga baya wani mai kawo mana gawayi ya ce mutanen ƙauyensu sun tashi, wasu sun yi wajen Ɗanja. Na damu ƙwarai, don na san ƙasusuwan wuyan nan ba za su tsaya jiran a buɗe hanya ba.

Sai bayan an kwashe ɗan amfanin gonar da aka samu, wata safiya, na ga Malam Isuhu a bakin ƙofa da yarinyar a bayansa. Ya rame. Bayan gaisuwa da jajen abin da ya faru, ya ciro robar daga aljihu a ƙulle cikin leda, ya ajiye a kan tebur kamar mai mayar da kayan aro da ya lalace.

Ya ce, "Likita, mun ɓata maku aiki, ku yi haƙuri. Wallahi ta sa. Hajiya ba ta bari ta cire ba, ko ranar da muka tashi daga gida abin yana bakinta. To kwanan baya sai yarinyar ta ce ya daina ja, ya saki, ba ta jin komi in ta sa. Muka ce ya lalace ke nan, ga shi ba hanyar zuwa. Ta ajiye shi. Ban sani ba ko lokacin da kuka faɗa ya wuce."

Na dubi Asma'u. Ta yi tsawo har ta kusa kafaɗar mahaifinta, kuma ba ta toshe baki da hijabi ba. Firdausi ta fara murmushi, na yi mata alama ta dakata. Yaron da ya daɗe da roba yakan saba riƙe muƙamuƙinsa a gaba, ka gan shi ka yi murna, bayan 'yan watanni ya koma inda ya fito. Ido ba ya raba sabo da girma na gaskiya. Muka shigar da ita muka ɗauki sabon hoto.

Manhajar ta ɗora sabon awon a kan tsohon, ta haɗa su a sirdi, tsohon da baƙin layi, sabon da kore. Na bar fuskar a kai yadda Malam Isuhu zai iya kallo. A ƙoƙon kai layukan biyu suka hau juna suka zama ɗaya. A muƙamuƙin sama suka ɗan rabu kaɗan. A na ƙasa kuwa koren ya bar baƙin a baya, tun daga gaɓar da ke gaban kunne har kan haɓa, kuma gaɓar tana zaune daram a gurbinta, ba turo ta aka yi ba. Robar ta daina ja ne saboda babu sauran abin ja. Na sha ɗora takarda a kan takarda ina neman irin wannan, amma ban taɓa ganinsa a fili haka ba. Firdausi ta sa hoton yana sauyawa daga tsohon zuwa sabon, haɓar tana matsowa gaba a gaban idonmu. Ni dai na ji idona ya kawo ruwa.

Malam Isuhu ya matso, ya sa yatsa a tsakanin layin baƙi da na kore.

"Wannan tazarar fa, Likita?"

Na ce, "Ƙashi ne, Malam. Sabo."

"Da can babu shi?"

"Da babu shi."

"Ku kuka sa mata?"

Na ce, "Ba mu da shi a asibitin nan, kuma ba a sayar da shi ko'ina. Mu roba muka ba ta."

Ya ƙura wa wurin da yatsansa yake ido. Can ya ce a hankali, "Wato muna can muna gudu da kaya a ka, shi yana nan yana aikinsa."

Asma'u ce 'yarsa ta fari, shi kuma irin mutanen da ne, ba ya kiran sunanta, ba ya ƙura mata ido. A lokacin na gane cewa duk watannin nan bai taɓa tsayawa ya dubi fuskarta ba. Ya juya wajenta, kansa a ɗan sunkuye, ya ce, "Ke, rufe bakin in gani."

Ta ce, "Ai a rufe yake tun ɗazu, Baba."

Sai a sannan ya ɗaga kai ya dube ta.